Dokin da Hajo Ta Ƙi Sayarwa

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To a matso, a daina mintsinin juna.

An yi wani baduku, sunansa Barmo, ƙafarsa ɗaya shanyayya ce. Yana da ƙanwa, Tasalla. A shekarar yunwa gwaggonsu ta ja hannunta suka bi ayari, daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Barmo ya girma har furfura ta fito masa, amma duk shekara sai ya ɗinka takalmin mace ya ajiye, alhali bai ma san girman ƙafarta ba. So yake ya bi gari gari ya neme ta, ƙafa ta hana. Sai doki.

Ya je wurin Dila, dillalin dawaki. Dila ya jawo wani dukushi ya ce, "Sabon jini, Barmo, gwada ka gani." Bai kai ƙofar gari ba ya watsar da shi. Ya jawo na biyu. "Sabon jini, Barmo." Wannan ganye ya gani ya motsa, ya zabura. Na uku ya kai bakin rafi ya toge, ko kofato ya ƙi jiƙawa.

Barmo yana zaune yana kakkaɓe ƙasa, sai wata mai fura ta ce masa shi ba ƙarfi yake nema ba, dokin da ya san hanya yake nema, ya je wurin Hajo, matar marigayi Jatau wanzami. Shekara ashirin Jatau yana yawon aski a kan dokinsa Kili, ba ƙauyen da ba su shiga ba.

Ya iske Kili a turke, ya tsufa, idonsa na kan ƙofa. Barmo ya ce zai saya. Hajo ta ce, "In na sayar, ya tafi ke nan. In aro ne, zai riƙa dawo mini. Ɗauke shi, ka ba shi dusa da kanwa. Kada ka ja masa linzami. Duk tsayuwar wata ka kawo shi in gan shi."

Barmo ya rataya jakar takalman, suka kama hanya. Kili ba ya sauri, ba ya tuntuɓe. Sai dai duk ƙofar da Jatau ya saba tsayawa, sai ya tsaya ya ce, "Masu gida, Jatau ya biyo nan?" Sai a ce, "Bai biyo ba, Kili, sha ruwa." Shi kuma Barmo ya duba fuskokin matan gidan, bai ga tasa ba, su wuce.

Dila ya ji haushi an tsallake shi. Ya bi sawunsu, ya bari Barmo ya sauka sallar azahar, ya ɗare sirdi. Ya ja linzami dama, ya ja hagu, Kili ko a jikinsa. Ƙofa ta gaba ya nufa, gidan wani maharbi mai karnuka bakwai. Ya tsaya ya yi tambayarsa, karnuka suka fito ba da amsa. Dila ya bar musu rabin wutsiya. Kili ya sha ruwa, ya koma wurin Barmo.

Wata ya tsaya, wata ya tsaya, har damina biyu. Ran nan Kili ya saki hanya ya bi wata 'yar siririya ta bayan duwatsu, wadda in da linzami ake bi ba mai shigarta. Ga gida uku. Ya tsaya a na ƙarshe.

"Masu gida, Jatau ya biyo nan?"

Wata dattijuwa ta fito da ƙwarya. "Bai biyo ba, Kili, sha…" Ta ɗaga kai. Tsagen da ke kumatunta shi ne a kumatun Barmo, ga kuma tabon gira na ranar da ta faɗo daga bayansa. Ƙwarya ta suɓuce.

Ta ce, "Yaya, ka daɗe."

Ya zazzage mata takalma. Wallahi ko ɗaya bai shige ta ba, duk sun yi kaɗan. Ta rataye su a bango, ta hana kowa taɓawa.

Da wata ya tsaya, Barmo ya kai Kili gida, ya ce buƙata ta biya, ga amana. Hajo ta daɗe tana shafa wuyan dokin. Can ta ce, "A ƙofofin nan, har yanzu suna ambaton Jatau?"

"Kowace ƙofa, Iya."

Ta mayar masa da linzami a hannu. "To koma da shi. Aron bai ƙare ba."

Kili kuwa bai daina tambaya ba har ya mutu.

Kun ji dai. In an ba ku aron tsohon abu, kada ku ce ku za ku koya masa hanya. Ku riƙe shi da kyau, ku riƙa kai wa mai shi ya gani.

Ƙurunƙus, na ɗaure ta a turken Kili. Kowa ya nemi tabarmarsa.