Kwanciyar Kura a Wasan Kura da Awaki

Dalilin da ya sa kura take kwanciya in ta ci akuya a wasanmu na kura da awaki, ku matso ku ji, yara, Tabawa mai awaki ce ta jawo shi.

A da, a nan Rafin Ɗinya, ba haka wasan yake ba. Gidajen dai su ne waɗannan da kuke tonawa a ƙasa, dutse ɗaya shi ne kura, ƙwallayen dabino goma sha biyu su ne awaki. Kura ta tsallake akuya ta cinye, awaki kuma su kewaye ta har ta rasa gidan shiga. Amma a lokacin kura ba ta hutawa. In ta ci ɗaya ta tarar da wata a gabanta sai ta zarce, har huɗu tana lashewa a tashi guda.

Akwai wani maƙeri, Makau, wanda kullum dutsen ne nasa, kullum kuma shi ke cin wasa. Tun ana dariya har aka gaji. Aka rasa mai yarda ya riƙe awaki, ciyawa ta fara tsirowa a gidajen wasan da ke gindin ɗinya.

Tabawa tsohuwa ce mai kiwo, ta nan take bi da garkenta kowace la'asar. Abin yana ci mata rai, don a wurin mahaifinta ta koyi wasan tun tana ƙarama. Ran nan ta tarar da maza sun taru suna gardamar yadda za a gyara shi, sai ta tsaya.

Barmo wanzami ya ce, "A ƙara awakin su kai ashirin."

Makau ya ce, "Ka ƙara mini abinci ke nan."

Wani ya ce a hana kura komawa baya. Makau ya ce kurar da ba ta juyawa ai jaka ce, shi ba zai riƙe ta ba.

Tabawa ta yi sallama ta ce, "Makau, ka taɓa ganin kura ta ci akuya?"

"Ban taɓa ba, Inna."

"Ni na gani, sau uku, kuma nawa ta ci. In ta cika ciki kwanciya take yi, tafiya ma da ƙyar. Taku ce kawai ba ta ƙoshi. Ku bar mata haƙoranta, amma duk akuyar da ta ci, ta kwanta, awaki su taka sau biyu kafin ta tashi."

Makau ya ce, "Kin kashe ta ke nan, Inna."

"Zauna mu gani. In ka cinye ni, jan bunsuruna naku ne, ku yanka."

Ta ɗaure igiyar uwar garken a saiwar ɗinya, ta tsuguna ta cire ciyawa daga gidajen. Bunsurun nan kuwa shi kaɗai gare ta. Makau ya ci akuya ɗaya, kura ta kwanta, Tabawa ta matso da biyu. Ya hango wata a sake ya cafke, bai san da gangan ta bar masa ita ba. Kafin kurar ta tashi an toshe mata gaba da baya. Wurin ya kaure da shewa.

Makau ya ce, "Ba na faɗa ba? Wannan kurar ba mai iya cin wasa da ita."

Tabawa ta miƙa hannu. "Ba ni dutsen, karɓi awakin."

Ta riƙe kura. Ba kowace akuya take ci ba, sai wadda in ta kwanta a bayanta akwai hanyar fita. Ta bi awakin Makau ɗaya bayan ɗaya har suka rage uku, ba su isa kewaye kowa ba.

Makau ya share gumi, ya yi dariya. Ya ce, "Ashe shekara da shekaru dutse ne yake ci mini wasa. Inna, sake jera su ki koya mini."

Barmo ya ce shi ne na gaba, kuma awaki yake so. Tabawa ta kwance akuyarta ta kora garkenta gida, jan bunsurun yana gaba, ta bar maza suna rububin ƙwallayen dabino.

Shi ya sa har yau, in kurarku ta ci akuya, kuke kife dutsen ku ce, "Ta ƙoshi," mai awaki ya taka sau biyu.