Jimina da Garin Lafiya Lau

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta. Yauwa, kai mai gyangyaɗi, gyara zama.

Jimina ce ta tashi neman garin da za ta saka ƙwanta bakwai. Ta ce sai ta bincika tukuna, ba ta zuba ƙwai inda za a yi rikici. Sai ta isa wani gari da sarkinsu ya mutu, Ɓauna da Dorina kowa na cewa shi ne magaji.

Ta shiga kasuwa, ta tarar da Tunkiya mai awo. Mudun ya koma kamar ludayi, masu saye sun yi cirko-cirko. Ta ce, "Baiwar Allah, ya garin?"

Tunkiya ta ce, "Lafiya lau."

Sai ta wuce maƙera. Ga damina ta faɗi, amma Biri maƙeri ba fartanya yake ƙerawa ba, kibau ne tuli. Ta ce, "Maigida, ya garin?"

Ya ce, "Sai alheri."

Sai ta gamu da Kurege ya kinkimo tabarma da tukwane da turmi, iyalinsa na biye. Ta ce, "Malam, lafiya dai?"

Ya ce, "Ƙalau. Ziyara za mu." Ziyara da turmi a ka, jama'a!

Jimina ta ce, "Baki uku ba sa haɗuwa a kan ƙarya." Ta tona rami a bakin kasuwa, ta zuba ƙwanta.

Kwana uku, wani ya ce mutanen Ɓauna ne suka ɓoye gero. Wani ya ce ƙarya ne, na Dorina ne. Kafin ka ce kwabo gari ya kama da wuta. Innalillahi!  Aka bi ta kan ramin Jimina, ƙwai bakwai ko ɗaya bai tsira ba.

Ta je wurin Biri tana kururuwa. "Ba kai ka ce sai alheri ba?"

Biri ya riƙe baki. "Au! Wai tambaya kike? Ai na ɗauka gaisuwa ce. A garinku idan baƙo ya gaishe ku, cewa kuke za a yi yaƙi jibi? Ba ki ga abin da nake ƙerawa ba?"

 Jimina ta gani mana, da idonta biyu.

To, in za ku auna zaman gari, ku dubi mudu da maƙera da masu ɗaure kaya. Baki kam ladabi yake yi.

Ƙurunƙus, na sauke ta nan.