Ragon da Ya Ƙi Warki

Ga ta nan, ga ta nanku, tafe take da ƙaho biyu!

Ta zo mu ji ta, kada dai ta tunkuye mu!

An yi wani mutum a wani ƙauye, sunansa Nomau. Ba mai dukiya ba ne, ba kuma matsiyaci ba. Tumaki goma sha biyu gare shi, da rago guda, fari tas, mai wuya kamar turmi. Sunan ragon Dungu.

Nomau yana da wata al'ada da ya gada wurin ubansa. Da damina ta fara naɗe tabarmarta, sai ya ɗauko warki na fatar akuya ya ɗaura wa Dungu a ƙarƙashin ciki, igiya ɗaya ta zagaya ƙirji, ɗaya ta zagaya ƙugu. Bante dai, irin na rago. Muddin yana sanye da shi, ya yi ta bin tumaki har ƙafarsa ta gaji, babu wadda za ta ɗauki ciki.

Kun san dalili? Kowa ya buɗe yatsun hannu ɗaya. Biyar ko? To watannin cikin tunkiya ke nan. In ta ɗauka da kaka, sai ta sauke a tsakiyar bazara, lokacin da daji ya yi fes kamar an share, ko tsinke babu. Uwa ba ta ci ba, ina nono zai fito? Amma in aka yi haƙuri har sanyi ya ja da baya sannan aka kwance rago, sai haihuwa ta faɗo daidai da sabuwar ciyawa.

Shi ke nan. Wata shekara aka ɗaura wa Dungu warkinsa, aka kora su kiwo. Suna fita sai ga bunsurun maƙwabta a kan juji, yana gyara gemu.

Ya ce, "A'a, Dungu! Sannu da jiki. Yaushe aka yi kaciyar ba mu ji ba? Da mun kawo ƙwai."

Awaki suka fashe da dariya. Dungu ya sunkuyar da kai, ya wuce yana huci.

A garken akwai wata tsohuwar tunkiya, gabanta baƙi bayanta fari, ana ce mata Gwaggo Uda. Ta ce masa, "Ɗan nan, rabu da mai wari. Ni sau tara na haihu, bakwai a ciyawa, biyu a bazara. Na ciyawa ga su nan suna kiwo. Tambaye ni ina biyun suke."

Dungu bai tambaya ba. Ya koma gindin tsamiya yana waƙa:

"Warki, warki, wa ya aiko ka?
Rago ne ni, ba yaron wanzami ba."

Ya tafi wurin Gara. Ya ce, "Gara, Gara, sarauniyar cinye-cinye, ci mini igiyar nan."

Gara ta ce, "Ni ba na cin abin da ke yawo. Kwanta kwana bakwai kada ka motsa."

Dungu ya ce, "Kwana bakwai? Sai an jima."

Ya tafi wurin Kare. Ya ce, "Kare, Kare, mai haƙoran yanka, ci mini igiyar nan."

Kare ya ce, "Hannun da ya ƙulla ta shi ke zuba mini tuwo. Kama gabanka."

Dungu ya kama gabansa yana waƙarsa:

"Warki, warki, wa ya aiko ka?
Rago ne ni, ba yaron wanzami ba."

Ya tafi wurin Ɓera a gindin rumbu. Ya ce, "Ɓera, Ɓera, ɗan ƙarami mai babban aiki, ci mini igiyar nan, in bar maka ragowar dusata."

Ɓera ya ce, "Wacce daga ciki?"

"Ta ƙugu, ta can ƙasa. Ka bar ƙullin da ke sama, shi Nomau ke dubawa."

Kun ji ɗan banza ko? Ɓera ya yi ƙuruƙuru, ƙuruƙuru, igiya ta tsinke. Daga sama ƙulli yana nan daram. Daga ƙasa warki yana lilo kamar tsumma a kan danga.

Da suka isa daji, Dungu ya tara tumaki ya ce, "Albishirinku! Nomau ya ce bana ruwa da wuri zai sauka. Ga shi har ya sassauta mini."

Gwaggo Uda ta leƙa ta ce, "Nomau da haƙori yake sassautawa? Ku zo nan, 'ya'yana, ku bi bayana."

Takwas suka bi ta. Uku suka tsaya, duk 'yan mata, cikinsu har da wata Ƙyalla, mai farin goshi, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Ita dai tana son ta ga ɗanta yana tsalle, ba ta san wata nawa ne daga kaka zuwa ciyawa ba.

Kwana uku ana haka. A rana ta huɗu Nomau ya sunkuya zai cire wa Dungu kaska, sai ya ga igiya a tsinke.

Ya ce, "Dungu, me ya sami igiya?"

Dungu ya ce, "Ƙaya ce, maigida. Yanzu-yanzun nan, a bakin ƙofa."

Nomau mutum ne mai yarda. Ya ɗauko basilla ya ɗinke, ya shafa masa wuya, ya ce Allah Ya kiyaye gaba.

Aka yi girbi, aka ɗaure harawa aka ɗora a kan rumfa. Sanyi ya zo, sanyi ya fara tafiya. Ranar kwance warki ta yi. A irin wannan rana Nomau yakan kama tumakinsa ɗaya-ɗaya, ya duba haƙori, ya duba kofato, ya taɓa baya ya ji ko akwai nama, don ramammiya ba ta riƙe ciki. Ya duba ta farko, lafiya. Ta biyu, lafiya. Da ya zo kan Ƙyalla, ya sa hannu a gefen cikinta, sai ya ji abu ya shure shi. Ya taɓa hantsa, ta fara cika. Ya kama sauran biyun, haka.

Nomau ya zauna a kan turmi. Ya ƙirga yatsunsa baya, ya ƙirga su gaba. Ya ɗaga kai ya dubi harawar da ke kan rumfa.

Can ya ce, "Dungu."

"Na'am, maigida."

"Wa ya yi wannan?"

"Ni da nake cikin warki? Ai bunsuru ne."

"Bunsuru da tunkiya?"

"To, ragon Fulanin da suka wuce ne."

"Bana Fulani ba su biyo ta nan ba."

"To... iska ce, maigida. Ka san iskar bana da ƙarfi."

Nomau ya ce, "Iska ko? Madalla. Tunda iska ta iya aikinka, huta."

Ya kafa turke a bayan rumbu ya ɗaure shi, warki da komai. Ya yi tattaki zuwa wani ƙauye ya aro rago ja wurin surukinsa, ya saka shi cikin tumaki taran nan. Dungu yana gani ta kafar danga. Bunsuru kuwa kullum sai ya leƙo ya ce, "Har yanzu ba a warke ba?"

Su ukun kuma Nomau ya ware su ya yi musu rumfa a inuwa. To amma abinci fa? Harawar da ya tanada ta tumaki marasa shayarwa ce, a lallaɓa a kai damina. Abin da ya rage mai maiƙo a gidan shi ne rabon rago: dusa da kanwa da harawa dami guda. Nomau ya ɗauke kwanon Dungu ya ajiye gaban Ƙyalla da 'yan'uwanta.

Bazara ta sauka. Rana kamar ta faɗo ƙasa. Ta farko ta haihu, ta biyu ta haihu, Ƙyalla ta zo ƙarshe. Nomau ya share wa ɗanta hanci, ya tura shi gaban uwa ta lashe, ya matsa hantsa ya sa masa a baki don ya sami nonon farko. Ɗan ƙanƙane, ƙafafu kamar sillen kara. Dukansu uku farare tas, masu kunnen Dungu, masu goshin Dungu.

Nomau ya ce, "Kai, iskar nan ta iya kamanni."

Dungu ya dubi ƙasa.

Kwana goma, nonon ta farko ya ƙafe. Nomau ya gwada ɗan a wurin ta biyu, ta tunkuɗe shi, nata ma bai isa ba. Ya dama masa kunu, ya ɗiga masa da tsumma. Ɗan ya kwana biyu ya mutu. Uwar ta yi ta zagaya rumfa tana kira. Babu wanda ya yi dariya ranar nan, har bunsuru.

Ƙyalla ta dubi nata, ta ce, "Gwaggo, nawa ma haka zai yi?"

Gwaggo Uda ta ce, "Ci. Kada ki yi kuka, kuka na shanye nono. Ci duk abin da aka ba ki."

Nomau ya ɗauki gora ya shiga bin itatuwan gawo, don gawo shi kaɗai ke da 'ya'ya a lokacin da kowa ya tsiyace. Ya kakkaɓo, ya tsinto, ya cika buhu, ya kai wa masu jego. Dungu kuwa sai busasshen kara.

Ya ce, "Maigida, ina dusata?"

"Ɗanka ya sha."

Washegari ya ce, "Maigida, ina harawata?"

"Ɗanka ya sha."

Rana ta uku ya ce, "Maigida, ko 'yar kanwa?"

"Je ka tambayi iska."

Wuyan nan mai kama da turmi ya koma taɓarya. Haƙarƙari suka fito, kana iya ƙirga su daga bakin rijiya. Ɓera ya zo neman ragowar dusa, ya leƙa, ya ce, "Ashe kai ma nema kake," ya juya.

Ɗan Ƙyalla kullum yana tsakanin tashi da faɗuwa. Yau ya miƙe, gobe ya kwanta. Harawa ta ƙare. Gawo ya ƙare. Saura dusa tafi biyu a gindin buhu. Daga turkensa Dungu yana jin muryar ɗan tana sirancewa. Ya daina tambayar abinci. Aikinsa kawai ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya shaƙi iska, ko zai ji ƙamshin ruwa.

Ran nan da la'asar gabas ta yi baƙi. Aka yi tsawa, aka kece da ruwa. Kwana biyar ƙasa ta yi gashi kore. Ƙyalla ta fita ta ci, ta ci, ta dawo hantsa kamar tulu. Ɗan ya kama, wutsiya tana kaɗawa. Da ya saki, sai ya yi tsalle ɗaya, ya faɗi, ya tashi ya sake. Ƙyalla ta tsaya tana kallo, ta ma manta da tuƙa.

Da ciyawa ta kai gwiwa, taran nan suka haihu, huɗu ma tagwaye, duk jajaye, ɓul-ɓul da su. Nomau ya kwance Dungu daga turke ya ce, "Ƙirga. Na masu haƙuri goma sha uku. Naka biyu, da kabari ɗaya."

Dungu ya ƙirga, ya ga haka ne.

Shi ya sa har gobe, in kun lura, rago in ya shinshini tunkiya ba ya wucewa kai tsaye. Sai ya tsaya, ya ɗaga kai sama, ya ɗage leɓe, ya yi shiru. Ba dariya yake ba. Lissafi yake, yana duba ko wata biyar nan gaba akwai ciyawa.

Saboda haka, yara, wanda ya ce muku ku jira ba maƙiyinku ba ne. Sauri kan haifi nawa, kuma abin haushi, ba mai saurin ne ke fara shan wuyar ba.

Ƙurunƙus, kan tsohon ƙaho! Wanda ya ce ƙarya na yi, gobe ya je ya tambayi rago, amma ya tsaya daga gefe.