Abin da Asu Ya Gaya wa Farfesa Mudi

Masu ba da labari sun ce a wata jami'a an yi wani shugaban sashe, Farfesa Mudi, mutum mai ilimi, sai dai harshensa ya fi almakashi kaifi. Ƙananan malamai ke ɗaukar masa jaka, su duba masa takardun jarrabawa, su yi bincike ya ɗora sunansa a sama. Wanda ya ɗaga kai kuwa, ya yi bankwana da zuwa ƙaro karatu. Ɗaya bayan ɗaya suka watse, har ya rage Malama Hansatu kaɗai, tana riƙe da azuzuwan duk waɗanda suka tafi. Ita ma ran nan da safe, a gaban ɗalibanta, ya ce mata, "Ke yarinya, wa ma ya ba ki digiri?" Ta fita tana share ido da gefen mayafi.

Bayan azahar ya buɗe kabad zai ciro rigarsa ta bikin yaye ɗalibai, sai ya tarar duk ta huje. Yana cikin bambami, wani tsohon asu ya leƙo daga wuyan rigar ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ci. Amma kafin ka murƙushe ni, ji labarin gidan da aka ɗinka ta, don can ne asalinmu."

Mamaki ya zaunar da Farfesa. Ya ce, "Ina jin ka."

Asu ya ce, "Masana'antar Alhaji Barau ce, mai ɗinka kayan makaranta. Yadinsa daga ƙetare yake zuwa, ta hannun dillali guda. Masaƙa da marina na gari kuwa, in sun kawo kaya, sai ya bar su tsaye cikin rana, ƙarshe ya watsa musu abinsu a ƙafa. Wata rana babban mai yankansa, Malam Ɗantala, ya ajiye almakashi ya ce, 'Alhaji, ba ka ji yadda Nomau ya yi da igiyar gugansa ba?' Alhaji ya ce, 'Yaya ya yi?'

"Ɗantala ya ce, 'Nomau yana da igiya mai kauri. In zai ɗaure akuya, ya zare sili ɗaya. In zai ɗaure dami, ya zare wani. Matarsa ta yi magana, ya ce sili ɗaya mene ne? Ranar da rani ya kai maƙura, rijiya ta yi nisa, ya zura guga ya cika, yana ja igiya ta tsinke. Ya tsaya yana zagin silin ƙarshe, alhali shi kaɗai ne ya yi masa haƙuri. Alhaji, ba ranar da guga ya faɗa igiya ta lalace ba.'

"Alhaji ya ce, 'Ashe har ka koma mai wa'azi,' ya sallame shi. Ba a daɗe ba aka rufe hanyar shigo da yadi, ga makarantu na shirin komawa. Sauran masu ɗinki suka nufi mutanen gari da suka saba girmamawa, aka ba su kaya. Alhaji ya bi gida-gida. Malam Kyauta marini ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa, sannan ya ce, 'Ka yi haƙuri, Alhaji, abin da muke da shi na waɗanda suka ba mu inuwa ne.' Kekunan ɗinki suka yi shiru, teloli suka watse, mu asu muka gaji gidan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kai kuwa, ranka ya daɗe, igiyarka saura sili ɗaya, kuma da safen nan na ji ka kana ja."

Farfesa ya daɗe yana kallon hujin rigar. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, tsoro ya biyo bayanta. Ya ce, "Ka faɗi gaskiya. Ni ne Nomau, ni ne Barau. Bari in je in ba Malama Hansatu haƙuri."

Ya tarar da ƙofar ofishinta a buɗe, teburi fes, ko littafi babu. Tsohon masinja ya miƙo masa makulli da hannu biyu ya ce, "Ta kwashe kayanta tun da hantsi, ranka ya daɗe. Ta ce a gaishe ka."

A ajin da ke kusa, ɗalibai na zaune suna jiran malamarsu. Farfesa ya shiga, ya ɗauki alli, ya tambaye su inda suka tsaya. Duk suka sunkuyar da kai.