Jirgin da Baba Ya Nutsar

Akwai wani bawan Allah da 'yan gidansu da abokansa suka daina kiran sunansa, sai dai su ce Gwani. Aikinsa tsara hanyoyin motoci ne a wani kamfanin rarraba kaya, amma ba can ya samo laƙabin ba. A kan tebur ya samo shi.

Duk ƙarshen mako yana wani shagon shan shayi inda masu wasannin tebur na zamani ke haɗuwa, irin waɗanda ke zuwa cikin kwali da allo da kati da 'ya'yan katako. In an kawo sabon wasa, kafin sauran su gama kallon hoton kwalin shi ya haddace dokokin. Da wuya ya tashi ba shi ne da nasara ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan.

Ana haka mahaifinsa ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Baba tsohon direban bas ne mai dogon zango, mutum mai surutu da barkwanci. Da aka sallamo shi daga asibiti hannun damansa ya yi nauyi, magana kuma sai kalma ɗaya ko biyu, da ƙyar. Ya koma zama a keken guragu gefen taga, yana kallon titi. Ƙwallon robar da aka ba shi ya riƙa matsawa, ƙarƙashin gado ya tura ta.

Likitar da ke motsa masa gaɓoɓi ta ce da iyalin, "Hannun zai iya dawowa, bakin ma haka. Amma sai shi ya so. Ku nemo abin da zai sa ya miƙa hannu da kansa."

Gwani ya ce wannan aikinsa ne. Ya sayo wani wasa wanda ba a kayar da juna a cikinsa, duk masu wasan ɓangare ɗaya suke. Ya share teburin falo, ya shimfiɗa allon, ya kira Umma da ƙanwarsa Auta, ya turo keken Baba.

"Wannan hoton jirgin ruwa ne da ya huje," in ji shi. "Ga ɗakunansa, ga ɗakin inji a tsakiya. Waɗannan fararen 'ya'yan fasinjoji ne, za mu kwashe su zuwa kwalekwalen ceto. In layi ya zo kanka, abu uku za ka yi: ko ka matsa ɗaki na gaba, ko ka kwashe ruwa, ko ka ɗauki fasinja. In ka gama sai ka ja kati ɗaya daga wannan tarin, ɗakin da ya nuna a sa masa shuɗin dutse, ruwa ya shiga ke nan. Ɗakin da ya tara uku ya cika. In ɗakin inji ya cika, duk mun nutse."

Ya raba katin muƙami. Baba kyaftin, Auta likita, shi injiniya. Umma ta juya nata ta ga kuku.

"Ni ko a teku ban tsira daga kicin ba," in ji ta.

Gefen bakin Baba ya ɗan motsa. Gwani ya gani, ya ji daɗi.

Suka fara. Kowa ya baje katinsa a fili, Gwani na leƙawa yana tsarawa. "Umma, ki je ɗakin inji ki kwashe biyu. Auta, a'a, ba can ba, nan." Da layi ya zo kan Baba, ya ɗago hannu a hankali. Kafin ya kai ga ɗansa na katako, Gwani ya riga ya ɗauka.

"Bari in taya ka, Baba. Nan za ka je."

Suka ci wasan. Washegari ma suka ci. Duk yammar da aka jera allon, jirgi ba ya nutsewa. Gwani har ya ƙara katin ruwa don wasan ya yi wuya, suka sake ci.

Ran nan ana cikin rabon kati, Baba ya sa hannun hagu ya ture nasa, ya juya kekensa ya koma taga. Aka yi lallashi, ko waiwayowa bai yi ba.

A bakin ƙofa Gwani ya tare Auta. "Me ya same shi? Ba mu taɓa faɗuwa ba fa."

"Yaya, wa da wa ke wasan?"

"Mu huɗu mana."

"Kai kaɗai ne. Mu katin kawai muke riƙe maka. Tun da aka fara, sau nawa Baba ya taɓa ɗan katakonsa da hannunsa?"

"Jinkiri yake yi, kuma in na bar shi zai yi kuskure."

"To ya yi mana. A asibiti an yi masa komai, a gida Umma na yi masa komai. Ka kawo abu ɗaya da zai yi da kansa, shi ma ka karɓe."

Gwani ya kwashi kwalinsa ya tafi cikin fushi. Ranar hutu, maimakon ya je shagon shayi, ya jera wasan a ɗakinsa don ya gwada wata dabara. Ya riƙe muƙaman huɗu shi kaɗai, ya buga, ya ci. Yana mayar da 'ya'yan cikin kwali ya tsaya cak. Wasan da ya gama yanzu, ba kowa a ɗakin, bai bambanta da na falon gidansu ba ko kaɗan.

Da yamma ya koma gidan. Ya durƙusa gefen keken ya ce, "Baba, na yi laifi. Ka dawo mu buga." Baba bai dube shi ba.

Gwani bai tafi ba. Ya jera allon, ya ajiye katin kyaftin a wurin Baba, ya ce da Umma da Auta, "Na kawo sabuwar doka. Kowa ya ɓoye katinsa. Kuma in ba layinka ba ne, ba ka magana sai an tambaye ka."

"Har da kai?" in ji Auta.

"Saboda ni aka yi ta."

Suka buga su uku, jirgi ya nutse tun ba a je ko'ina ba. Washegari ya dawo daga aiki ya sake jerawa, jirgi ya sake nutsewa. Umma ta fi son kwashe ruwan kicin ko da ɗakin inji na cika, wai ba za ta bar wurin aikinta da ƙazanta ba. Gwani ya riƙa cije leɓe har ya yi ja, amma bai ce uffan ba. Abokan shagon shayi suka yi ta kira, ya ce yana da wasan da bai gama ba.

Kullum sai ya ajiye katin kyaftin a wurinsa, kullum Baba na taga. Sai dai Auta ta lura ya daina kallon titi, kunnensa na wajensu.

Wata yamma Umma ta sake nufar kicin da ɗan katakonta, ɗakin inji na da duwatsu biyu. Sai suka ji ƙarar taya a kan tayil. Baba ya matso, ya dubi allon, ya dubi Umma, ya girgiza kai.

"In ka fi ni iyawa, ga wurinka nan," in ji ta.

Aka raba masa kati. Da layinsa ya zo, ya ɗago hannun dama. Ya kama ɗan katakon, ya suɓuce. Ya sake kamawa, ya faɗi ya gangara gefen tebur. Gwani ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu. Ba wanda ya yi motsi. A karo na gaba Baba ya riƙe shi gam, goshinsa ya jiƙe da gumi.

Gwani ya riga ya ga abin da ya kamata: kyaftin ya shiga ɗakin inji ya rage ruwa. Amma Baba ya ja ɗan katakonsa zuwa can ƙarshen jirgin, inda fasinja ɗaya ya rage a ɗakin da ya kusa cika. Maganar ta zo har bakin Gwani, ya haɗiye ta.

Baba ya ɗauki fasinjan. Ya ja katin ruwa ya juya. Ɗakin inji ne. Jirgi ya nutse.

Baba ya buɗe tafinsa, farin ɗan katakon na ciki. Ya yi ta kokawa da harshensa, sannan a hankali ya ce, "Ni... ba na barin... fasinja a hanya."

Rabon da su ji magana mai tsawon haka daga bakinsa tun kafin ciwon. Umma ta rufe fuska da mayafi. Auta ta tashi wai za ta ɗora shayi.

Baba ya buga tebur da yatsa. "A sake."

Suka ci gaba da bugawa, makonni suna wucewa, faɗuwarsu ta fi cinsu yawa. Hannun bai koma kamar da ba, amma ya kai ga riƙe kofi da gauraya kati. Maganar ma tana zuwa, musamman in zai yi wa Umma tsiya.

Wata rana wasa ya yi zafi, fasinja biyu suka rage, ruwa ya kewaye ko'ina, layi na kan Baba. Ya daɗe yana nazarin allon. Sai ya ɗago ya dubi ɗansa.

"Gwani. Me ka gani?"

Gwani ya faɗi hanyoyi biyu da ya hango, da haɗarin kowacce, ya yi shiru. Baba ya zaɓi ta biyun, ya tura ɗan katakonsa da hannunsa, ya kai fasinjojin kwalekwale.

Darasi: Taimakon da zai hana mutum yin abu da kansa ba taimako ba ne, ko da niyyarka mai kyau ce. In kana kula da mara lafiya, ko tsoho, ko mai koyo, ka ba shi lokaci, ka bar shi ya yi kuskurensa, ka jira har ya nemi shawararka. Ku tura wa duk wanda kuka san yana jinyar wani a gida, wataƙila yau yake buƙatar jin wannan.