Bakin Malam Tanimu

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba ni zan yanke ta ba.

A wani ɗan gari an yi wani ladan, Malam Tanimu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa uku kowa ya kama gabansa. Sallau, babban, yana tuƙin motar haya a birni. Lantana tana gidan mijinta a wani gari. Hashimu, autan, yana koyarwa can nesa. Tsohon shi kaɗai yake kwana a gida mai ɗaki huɗu. Shi ke dafa shayinsa, shi ke wanke kofin. Wata rana tun safe har yamma ba zai buɗe baki ba sai in lokacin kiran salla ya yi.

Sai muryarsa ta fara dusashewa. Ya sha zuma, ya sha citta, abin bai bari ba. Har haɗiyar tuwo ta zama aiki. Amma in an ce asibiti sai ya girgiza kai.

Sallau ya zo ya ga yadda ya rame. Ya san lallashi ba zai yi ba, sai ya ce matarsa ta haihu, a zo suna. Tsohon ya sa babbar rigarsa ya shiga mota, bai farga ba sai a ƙofar asibiti. Aka duba aka tarar ciwon daji ne a maƙogwaro. Likitar ta ce in an yi aiki da wuri zai rayu, amma ba zai ƙara magana ba. Da yake Hausarta ba ta nuna ba, Sallau ne tafinta. Ya juya ya ce wa uban, "Baba, ɗan ƙari ne za a cire, shi ke nan." Ya ce wa likita uban ya yarda. Da Sallau bai yi wannan dabara ta suna ba, da a ɗakinsa za a tarar da gawar tsohon.

Amma likitar ta lura bayaninta mai tsawo ya koma kalma biyar. Ta ce ba za ta taɓa shi ba sai ya faɗa da bakinsa abin da ya fahimta za a yi masa, don maƙogwaron nasa ne. Aiki ya tsaya. Tsohon yana kwance yana ganin ana raɗa a kansa, in ya waiga a yi masa murmushi. Bai taɓa jin kaɗaici irin wannan ba, har ya daina cin abinci.

Lantana ta iso. Ta saurari yayanta, ta saurari likita ta bakin wata nas, sannan ta ja kujera kusa da gadon. Ta ce, "Baba, daji ne. In an yi aikin za ka rayu in Allah ya so, amma muryar za ta tafi gaba ɗaya. In ba a yi ba, kwanan ba yawa." Tsohon ya juyo ya dube ta. Ya ce, "Na gode, 'yar nan. Ba ni fura." Ya sha, ƙarfinsa ya soma dawowa. Da ba ta faɗa ba, da yunwa da zullumi sun gama da shi kafin wuƙa. Sai dai da gaskiyar ta shige shi, ya ce bai yarda ba, a mai da shi gida.

Sallau ya yi faɗa, Lantana ta yi kuka, suka tsare ƙofa. Likita ta faɗa wa tsohon haɗarin jinkiri, ta ce amma zaɓin nasa ne. Hashimu, wanda shi ma ya iso, ya ɗauki takalman uban ya ajiye a gabansa. Ya ce wa yayyensa, "An tambaye shi, ya ba da amsa. Ku ba mu hanya." Ya kai shi gida, ya bar aikinsa ya zauna da shi. Yana dama masa koko, yana shimfiɗa masa buzu, bai taɓa tayar da zancen asibiti ba. Wata la'asar tsohon ya tsaya a ƙofar masallaci ya sa yatsu a kunne. Ya ɗaga murya, ko akuyar da ke kwance a gindin bango ba ta ɗaga kai ba. Ya zauna a dakali har aka idar da salla. Da suka koma gida ya ce, "Auta, abin da nake karewa ya riga ya tafi. Mayar da ni." Da an tsare shi da ƙarfi, da ya mutu yana cewa a'a.

Aka yi aiki, ya rayu. Amma jinkirin ya ba ciwon dama ya ɗan yaɗu, akwai sauran magani mai wahala a gaba, da tambayoyi masu yawa da za a yi masa. Idonsa ya yi rauni, rubutu ya gagare shi. Likita ta tara 'ya'yan a gaban gadon, ta ce ya nuna mutum ɗaya da zai riƙa magana a madadinsa, wanda in hankalinsa ya gushe shi za a tambaya.

Tsohon ya dubi wanda ya yi masa ƙarya ya kawo shi inda aka ga ciwon. Ya dubi wadda ta faɗa masa gaskiyar da ta kusa hana shi magani. Ya dubi wanda ya kare masa ra'ayinsa har ciwo ya ƙara nisa. Ya ɗaga yatsa.

To jama'a, da ku ne a kan wannan gado, ba murya, wa za ku nuna?