Ranar da Mori Ya Zaunar da Ni Cikin Yara

Malaminmu na San'a ta ƙasar Yaman, wanda muke kira Mori, Allah Ya haskaka makwancinsa, kogin ilimi ne, mai tsantseni da zuhudu, wanda Attaura ta zauna daram a ƙirjinsa. Duk da tozarcin da ya yi mini, ni Sa'adya mai zaƙin murya, ba zan ɓoye karamarsa ba.

Shekara ashirin ina jan addu'a a majami'armu ta Yahudawa, mata suna share hawaye ta bayan taga. Kwatsam dattawa suka raba addu'ar Ranar Kaffara, babbar ranar azuminmu, tsakanina da Awad masaƙi, mai murya kamar tsohuwar ƙofa. Na ɗaure wuya da ƙyalle, ina nuni da hannu wai muryata ta dishe, don a zo a lallashe ni. Kwana uku babu wanda ya leƙo. Rana ta huɗu na buɗe baki zan yi wa matata Gazal faɗa, sai iska. Ƙarya ta zama gaskiya, ga Kaffara saura kwana biyu.

Na ruga wurin Mori, na tarar da yara sun kewaye littafi ɗaya, kowa yana karantawa daga inda yake zaune. Ni kuwa ɗan maƙerin azurfa ne, da littafin kaina na tashi, ban taɓa koyon karatu a kife ba. Gefen da rubutun yake a kife Mori ya nuna mini in zauna.

"Mori, sabon ɗalibi ya zo da gemunsa!" in ji wani yaro.

"Baba, a juya maka ne?" in ji wani.

Labarin Hannatu suke karantawa, bakarariyar da ta roƙi ɗa, leɓɓanta na motsi ba a jin sauti.

Mori ya ce, "Daga wane littafi ta karanta?"

"Ba littafi!"

"Wa ya ji muryarta?"

"Ba kowa!"

"To, me ya rage mata?"

Ƙaraminsu ya ce, "Abin da ke damunta."

"Kowa ya rufe ido ya gaya wa Ubangiji abin da ke damunsa. Har da mai gemun."

Ba murya, ba harafin da zan iya bi, sai na lura ban taɓa gaya wa Mahaliccina kalma ɗaya tawa ba. Leɓɓana suka motsa: ya Ubangiji, don masu bayan taga nake yi, na yi ƙarya, kuma tsoro nake ji.

Nan take murya ta ɓalle, amma ba da waƙa ba, da wani kuka irin na jaki. Yara suka kwanta da dariya.

Mori ya ce a natse, "Ta dawo. Rabin nan dai na Awad ne."

Ranar Kaffara na ja rabina, kuma a karon farko na san da Wanda nake magana.

Allah Ya saka wa wannan bawa Nasa da mafificin alheri, Ya ba mu albarkacinsa, Ya kuma shiryi yaran nan, don har yau in na ratsa kasuwa sai wani ya yi kukan jaki a bayana.